A tagar leƙe kowa ya fito tar, da aka wanke babba uwar amarya ta yi dishi-dishi

Mai Hoton Biki, Kano:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara, don abin nan ya hana ni sukuni tun shekaranjiya.

Mako biyu da suka wuce na ɗauki hoton kamu. Cikin hotunan akwai wanda amarya ke zaune a kujera, mahaifiyarta da gwaggonninta biyu suna tsaye a bayanta. Canon 6D ce a hannuna, lens 50mm, na buɗe ƙofar haskensa zuwa f/1.8 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa) saboda hasken ɗakin taron ba shi da ƙarfi. Tsakanina da amarya kamar mita 3, na bayan kuma sun ja baya da kamar rabin mita. Wallahi lokacin da na kanga ido a tagar leƙe, kowa ya fito tar. Na duba a allon bayan kyamara, lafiya lau. Na tura musu ta WhatsApp, suka yaba, har suka ce wannan za a wanke babba, inci 20x30, a sa a firam.

Ranar da na kai, Hajiya uwar amarya ta sa tabarau, ta matso har numfashinta na taɓa gilashin firam ɗin, ta ɗora yatsa a kan fuskarta ta ce, "Ɗan nan, ni ina idanuna?" Na duba, gaskiya ta faɗa. Duwatsun leshin amarya ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, lallen hannunta ya fito ɗas, amma fuskokin na baya kamar an hura musu hazo.

Laifin wa ke nan? Kyamara, lens, ko wurin wankin?

Mai Sony, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Oga, fara da wurin wankin. Wasu na'urorinsu sun gaji, wasu kuma su matse fayil kafin su buga.

Hajiya Mai Wankin Hoto, Katsina:
A'a ƙanena, a yi mana adalci. Na'urar bugawa ba ta san amarya ba, ba ta san uwar amarya ba. In ta lalata hoto, gaba ɗaya take lalatawa. Shi da bakinsa ya ce duwatsun leshi sun fito. To na'urar da ta fitar da dutsen leshi me zai hana ta fitar da ido? Kusan kowane mako sai an zo mini da irin wannan ƙorafi, in buɗe fayil ɗin a kwamfuta in zuƙo fuskar, mai hoton ya yi shiru.

Mai Hoton Biki, Kano:
Hajiya kin yi gaskiya, yanzu na zuƙo a kwamfuta, a fayil ɗin ma haka yake. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya sa ban gani ba lokacin ɗauka. Idona ƙalau yake.

Baba Mai Studiyo, Zariya:
Yaro, idonka bai yi maka ƙarya ba. Tagar da ka leƙa ce ba ta nuna maka abin da lens ɗin ke yi ba.

Cire lens ɗin ka leƙa cikin kyamarar. Sama da madubin nan mai ɗagawa akwai wani ɗan faranti fari-fari. A kansa hoton yake sauka, shi kake kallo in ka kanga ido. A zamaninmu na fim, farantin nan yana da kaushi sosai, yana watsa haske ko'ina. Yana da duhu, amma mai gaskiya ne: abin da bai shiga fokas ba sai ka gan shi a dagule. A tsakiyarsa kuma akwai da'ira mai tsaga hoto gida biyu. Ni Pentax K1000 SE na daɗe ina riƙewa. In ka auna gefen hular mutum ka ga ta karye biyu, sai ka murɗa lens har ta haɗe. Babu gardama.

Da kyamarori suka koma yin fokas da kansu, sai aka fara yanko wani kaso na haske ana tura wa na'urar fokas, ga kuma lens masu zuƙowa marasa haske da suka yi yawa. Taga ta yi duhu. Sai kamfanoni suka canza farantin, suka yi wanda ke miƙo haske kai tsaye zuwa ido maimakon watsa shi. Taga ta yi haske, amma an biya da wani abu: hasken da ke shigowa ta gefen lens mai faɗin ƙofa ba ya isowa idonka. Ko ka buɗe f/1.8 ko f/1.4, abin da kake gani a taga bai wuce na wajen f/2.8 ba.

Gwada da kanka yau. Sa lens ɗin a f/1.8, ka leƙa, sannan ka sa f/2.5 ka danna ɗan maɓallin da ke gaban kyamara kusa da gindin lens, wanda ke tsuke ƙofar. Da ƙyar za ka ga wani canji. Sai ka kai f/4 ko f/5.6 za ka ga taga ta yi duhu sosai.

'Yar Koyo, Maraɗi:
Baba, don Allah wannan maɓallin mene ne amfaninsa? Ni in na danna sai in ga duhu kawai, na ɗauka ɓaci ne.

Baba Mai Studiyo, Zariya:
Ba ɓaci ba ne 'yata. Ko kin zaɓi f/8, lens yana zama a buɗe wangamgam har sai kin danna shata, wato maɓallin ɗauka, lokacin ne yake tsukewa na ƙiftawar ido ya sake buɗewa. Maɓallin yana tsuke shi tun kafin ɗauka don ki ga iya inda kaifi ya kai. Ki ba idonki daƙiƙa biyu uku ya saba da duhun, ki kalli abin da ke baya, ba wanda kika yi wa fokas ba.

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Baba ya kawo rabin maganar, kuma ya kawo ta daidai. Ku ba ni dama in ƙara ɗaya rabin, don ni a ganina ya fi wancan nauyi.

Lens a wuri ɗaya tak yake yin fokas. Duk abin da ke gaba ko bayan wannan wuri, ɗigonsa ba ya sauka a sensa, wato abin da ke ɗaukar hoton a madadin fim, a matsayin ɗigo, yana sauka ne a matsayin ɗan tabo mai faɗi. In tabon ƙarami ne, ido ya yafe masa ya karɓe shi a matsayin ɗigo. Abin da muke kira zurfin kaifi, wanda manhajojin waya ke rubutawa DOF, shi ne iya tazarar da tabon bai kai girman da ido zai kama shi ba. Ke nan tun daga ma'anarsa akwai ido a ciki, akwai kuma tambayar daga ina idon yake kallo.

Masu ƙera lens sun daɗe da tsayar da ma'auni. Sun ɗauka za a wanke hoto kamar inci 8x10, a riƙe shi a hannu a nisan santimita 25. A wannan nisa, tabon da bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.25 ba yawancin mutane ba sa lura da shi. Fim mai 24x36 sai an faɗaɗa shi kamar sau 8 kafin ya kai wannan girma. Raba 0.25 gida 8, ka samu kusan milimita 0.03. Wannan lamba ita ce a cikin manhajar wayarka, ita ce kuma tushen layukan nan da ake zanawa a jikin tsofaffin lens.

Yanzu mu ɗauki hoton ɗan'uwanmu. 50mm, f/1.8, mita 3. Bisa wancan ma'auni, zurfin kaifinsa kusan santimita 38 ne gaba ɗaya: kamar 18 a gaban amarya, 20 a bayanta. Hajiya tana santimita 50 a baya. Ta fita daga ciki tun kafin a je ko'ina. Na lissafa tabon fuskarta a kan sensa, ya kai kusan milimita 0.067.

To me ya sa bai gani ba? Tagar 6D tana da ƙarfin faɗaɗawa 0.71. In ka juya lissafin, leƙa wannan taga daidai yake da riƙe hoto mai faɗin santimita 13 a nisan santimita 25. Bai ma kai 4x6 ba. Faɗaɗawa sau uku da rabi ke nan. Ga shi kuma, kamar yadda Baba ya ce, tagar f/2.8 take nunawa, inda tabon ya ragu zuwa 0.043. Ninka shi sau uku da rabi, ka samu 0.15. Ido ba zai kama ba. Allon bayan kyamara ma ya fi haka ƙanƙanta, waya kuma kaɗan ta ɗara shi.

Amma 20x30 faɗaɗawa ce sau 21. Tabon nan na 0.067 ya zama milimita 1.4 a kan takarda, ya fi kan alƙalamin biro kauri. Kowane gashin ido, kowane layin kwalli, an shafa shi da faɗin nan. Sannan Hajiya ta sa tabarau ta matso taki ɗaya.

Mai Sony, Kaduna:
Malam, a nan ban yarda ba. Da zarar shata ta rufe, magana ta ƙare. Abin da ya shiga fokas ya shiga, abin da bai shiga ba bai shiga ba. Ta yaya girman takarda zai canza abin da ya riga ya faru a cikin kyamara? Fayil ɗaya ne fa.

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Fayil ɗaya ne, ɗan'uwa, kuma girman tabon a kan sensa ba ya canzawa, a nan muna tare. Abin da ke canzawa shi ne hukuncin ido a kansa. Ɗauki wannan firam ɗin ka jingina shi a bango, ka ja baya mita biyu. Fuskar Hajiya za ta dawo. Matso, ta sake dagulewa. Ba ka taɓa fayil ba, ba ka taɓa takarda ba. In a mita biyu mutum huɗu ne suka fito tar, a taki ɗaya kuma mutum ɗaya, to zurfin kaifi ya canza ko bai canza ba?

Ga hanya mai sauƙin riƙewa: tabon milimita 1 yana ɓacewa a wajen nisan mita 1. Na 1.4 yana son mita ɗaya da rabi, mai kaifin ido ma sai ya kai biyu.

Mai Sony, Kaduna:
Na ji, amma wannan ai wasa da kalmomi ne. Ni abin da na sani, in na zuƙo ɗari bisa ɗari a kwamfuta na ga ido bai fito ba, hoton ya tafi kwandon shara.

Hajiya Mai Wankin Hoto, Katsina:
To kana zubar da hotuna masu kyau a banza. Zuƙowa ɗari bisa ɗari kamar ka buga hoton ya haura mita ne ka manna hanci a kai. Wa ke kallon hoto haka?

Ka je ka tsaya ƙarƙashin allunan tallan nan na kan titi lokacin da ake liƙa su. Ni na taɓa riƙe yankin ɗaya a hannu, idon mutumin da ke jiki ɗigo-ɗigo ne manya kamar ƙwayar gero, ba za ka ce ido ba ne. Daga tsallaken titi kuwa sai ka ga fuska sumul. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aiki babba, tambayar farko da nake yi ita ce: ina za a rataye shi?

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Hajiya, wannan tambayar taki ita ce kan maganar. Akwai ƙa'idar da ake bi cewa ana kallon hoto daga nisa daidai da tsawonsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Na 20x30 kusan santimita 90 ke nan. Da kowa zai bi wannan, da girman takarda bai dame mu ba, don duk yadda hoto ya girma mai kallo zai ja baya daidai gwargwado.

Baba Mai Studiyo, Zariya:
Malam, wannan ƙa'ida ta hoton dutse da rafi ce, ba ta hoton jama'a ba. Shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa ganin wanda aka miƙa wa hoton taro ya ja baya ba. Kowa fuskarsa yake nema. In ya same ta, sai ya nemi ta ɗansa, sai ta wanda ya rasu. Da yatsa ake bin hoton iyali. Don haka in mutum ya wuce ɗaya a hoto, ka ɗauka za a kalle shi daga taki ɗaya, komai girmansa.

Mu dā abin bai cika kama mu ba saboda ƙananan hotuna muke bayarwa. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe studiyonsa a 1948, nagatif ɗinsa 13x18 santimita ne, kuma yawanci ɗora shi yake a kan takarda ya wanke, girman hoto girman nagatif, babu faɗaɗawa ko kaɗan. Sai a shekarun 1990 aka riƙa wanke su manya don baje koli a Turai. Ku yanzu daga abu mai girman tambarin wasiƙa kuke fitar da hoton da ya kai ƙofar taga. Dole ku fi mu taka-tsantsan.

Mai Sony, Kaduna:
Baba, shi ya sa nake ce wa mutane su bar kyamarori masu madubi. A tawa, abin da sensa ke gani shi nake gani a taga. Babu faranti, babu ɓoye-ɓoye. In na sa f/1.8, f/1.8 nake gani.

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Wannan gaskiya ne, kun tsira daga matsalar farantin. Ba ku tsira daga ta girma ba. Tagar kyamarar Sony A7 III ɗigo miliyan 2.36 gare ta, kuma ɗigo uku ne ke haɗa fiksel ɗaya, wato 1024 a faɗi. Hoton da kyamarar ke ɗauka 6000 ne a faɗi. Kusan kowane fiksel shida na hoto an matse su cikin ɗaya. Tabon da ya mamaye fiksel shida ko goma, a taga bai wuce ɗaya ko biyu ba. In ba ka danna zuƙowa ka kai kan fuskar na baya ba, kai ma za ka faɗa ramin da ɗan'uwanmu ya faɗa. Launin nan ma da ke haskaka gefen abin da ya shiga fokas yana da sassauci, yakan haska abin da bai gama shiga ba.

Mai Sony, Kaduna:
Wannan kam ya taɓa faruwa da ni a hoton 'yan makaranta, layi uku. Na karɓa.

'Yar Koyo, Maraɗi:
To ni da nake koyo, ba sai in riƙa sa f/22 kullum in huta ba?

Malamin Kimiyya, Damagaram:
A'a ƙanwata. In ƙofa ta tsuke da yawa, haske yana bazuwa yayin da yake ratsa ta. A f/22 bazuwar kaɗai tana yin tabo kusan milimita 0.03, kuma a ko'ina cikin hoton, har kan wanda kika yi wa fokas. Ga kuma haske da za ki rasa. Tsakanin f/5.6 da f/11 nan ne gidan hoton jama'a.

Mai Hoton Biki, Kano:
Na gode ƙwarai, kaina ya waye. Amma Malam, ɗakin nan duhu gare shi. Daga f/1.8 zuwa f/5.6 ai haske ya ragu sosai.

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Ya ragu kusan sau goma. In kana ISO 400, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, sai ka koma wajen 4000, ko ka kunna filasha. Amma duba abin da za ka samu. A f/5.6 zurfin ya tashi daga santimita 38 zuwa kusan mita 1.2. Tabon fuskar Hajiya ya sauko zuwa 0.022 a sensa, wato ƙasa da rabin milimita a 20x30. In kuma ka ajiye fokas tsakanin layukan biyu maimakon kan idon amarya, kowane ɓangare ya ɗauki rabi, ya koma wajen 0.23 a takarda. Wannan ko da tabarau da ƙyar a kama shi.

Baba Mai Studiyo, Zariya:
Kuma tsakuwa-tsakuwar da ɗaga ISO ke kawowa a hoto ba ta hana uwa gane idonta. Dishi-dishi ke hanawa. Kafin ma ka taɓa kyamara, buɗe baki ka ce, "Hajiya, a matso a dafa kafaɗar amarya, a ɗan sunkuyo." Rabin mitan nan sai ya koma taki ɗaya. Ba ka kashe ko sisi ba, hoton ma ya fi daɗin kallo.

'Yar Koyo, Maraɗi:
Ogana ya ce mini kullum kashi ɗaya cikin uku na kaifi yana gaba, biyu suna baya. Amma lissafin Malam ya ce 18 da 20.

Malamin Kimiyya, Damagaram:
Maganar ogan naki tana yin daidai a wani nisa kawai, ba ko'ina ba. In abu yana kusa kuma ƙofa a buɗe, kusan rabi da rabi ne. Yayin da kike ja baya ko kike tsuke ƙofa, na baya yana ƙaruwa, har a kai inda ba shi da iyaka. A misalinmu, a f/5.6, gaba santimita 50 ne, baya 74.

Baba Mai Studiyo, Zariya:
Yaro, tunda 6D gare ka, ana iya cire farantinta. Canon sun yi wani mai suna Eg-S, na 5D Mark II da 6D, wanda ke nuna gaskiyar lens masu faɗin ƙofa. Sai dai in ka ɗaura lens da bai kai f/2.8 ba, taga za ta yi duhu. Masu 5D Mark III ba su da wannan dama, nasu ba a yi shi don cirewa ba. Sannan ka duba ɗan maɓallin murɗawa da ke gefen taga, na daidaita ido. Yana murɗewa a jaka mutum bai sani ba. Kalli lambobin da ke ƙasan taga, ka murɗa har su fito tar. Matashi idonsa yana gyara kuskuren da kansa bai ma lura ba, sai ya haura arba'in abin yake fara fitowa fili.

Hajiya Mai Wankin Hoto, Katsina:
Kafin ka sake biyan kuɗin babban hoto, ka ce a yanko maka fuskokin kawai a buga a ƙaramar takarda, amma a girman da za su fito a 20x30. Ka riƙe a hannu ka duba. Kuɗinsa kaɗan ne. Kuma kada ka yarda da manhajojin nan masu cewa za su gyara fuska. Sabon ido suke ƙirƙirowa, uwa kuwa ta san idonta.

Mai Hoton Biki, Kano:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya da daddare na sake bin hotunan kamun ɗaya bayan ɗaya. Ashe akwai wanda na ɗauka bayan wancan da 'yan mintoci, lokacin da na kunna filasha na koma f/5, kuma a cikinsa Hajiya ta sunkuyo tana gyara wa amarya mayafi, kansu kusan a haɗe. Tun farko na tsallake shi ne don bayansa bai narke yadda nake so ba, ana ganin kujerun ɗakin.

Na yi yadda Hajiya Mai Wanki ta ce, aka buga mini fuskokin a ƙaramar takarda. Har zaren kwallin idonta ya fito. Yau da safe na kai musu gwajin, ta sa tabarau ta duba, ta ce a wanke wannan. Na farkon kuma ta ce kada a cire shi daga firam, a rataye shi sama da ƙofar falo. Da aka ɗora shi na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗaga kai, duk su huɗun sun fito.

Baba, na yi gwajin maɓallin. Daga f/1.8 zuwa f/2.5 ban ga komai ya motsa ba. Maɓallin murɗawar gefen taga kuma na same shi ya zame da ƙyas biyu.